Inda Muka Binne Cibiyar Talatu

Tun ranar da na sauko daga mota a tashar garin nan ban huta ba. Duk wanda ya shigo shagona, maimakon ya miƙo yadi a ɗinka masa, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "Garba, yaya ƙasar Ibo? Da gaske ne abin da ake faɗa?" Har limamin unguwarmu ta Magajiya sai da ya tsayar da ni bayan la'asar. Na ba wannan rabi, na ba wancan rabi, labarin ya zaga kasuwa ya dawo mini da ƙaho da wutsiya: wai an ɗaure ni a barikin soja, wai na ci naman kare. To ga shi na zauna zan faɗa sau ɗaya, daga fari har ƙarshe. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in taka kekena.

Sai na fara da Talatu, don ba domin ita ba babu abin da zai kai ni can. Ku mutanen Abuja kun san ta, yarinyar nan mai wushirya da ke kawo mini abinci shago. Baƙi ne kawai ba su san ba ni na haife ta ba. Ubanta Okafo ne, Ibo mai sayar da kayan keke, wanda ya yi haya a ɗakunan ƙofar gidana shi da matarsa Agines. A gidana aka haife ta ran wata Talata. Su suka sa mata Ngozi, matata Hajara ta ce bakinta ba zai iya ba, ta kira ta Talatu, sunan kuwa ya bi ta. Shekarar da aka yi tashin hankali, Ibo suka kwashe suka nufi gida, yarinyar tana kwance da ƙyanda, ko ido ba ta buɗewa. Agines ta san in ta sa ta a bayan lori cikin rana da turmutsutsu, gawa za ta sauke. Sai ta durƙusa ta miƙa wa Hajara ita, ta ce wata biyu za su dawo. Ta kuma ba ta wani ɗan ƙullin tsumma, bai kai babban yatsa ba, ta ce a adana mata shi sosai. Wata biyun nan shi ya zama yaƙi. Mu kuwa 'ya'yanmu duk maza ne, sai ku auna yadda Hajara ta riƙe yarinyar.

Da yaƙi ya ƙare bana, Ibo suka fara dawowa ɗai-ɗai neman rumfunansu. Cikinsu har da Madam Rosa mai kananzir. Rosa da muka sani, wadda in ta zauna a benci sai ya yi ƙara, ta dawo zaninta yana zagaya ta sau biyu. Ƙauyensu maƙwabcin na su Okafo ne. Ta ce ta ji Okafo ya mutu a fagen fama, Agines ba ta san labarinta ba, amma tsohuwarsa tana da rai. Ta ce za ta koma ta ɗauko 'ya'yanta, in ina so in bi ta.

Hajara ta ce, "Malam, wa ya aiko nema?"

Na ce, "Amana ba a jira sai mai ita ya zo yana roƙo."

Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta dole. Ranar tafiya ta yi wa yarinyar kitso da lalle, ta ƙulla mata ƙuli-ƙuli da dambun nama, ta cusa mini ɗan ƙullin nan a aljihu. Ni duk shekarun nan laya na ɗauke shi. A bakin zaure ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "In ka dawo ba ita, kada ka yi sallama. Ka shigo kawai."

Muka sami lori mai zuwa gabas, an cika ta da buhunan gishiri, mu fasinja a kai kamar kaji. Ba mu kai Keffi ba Talatu ta mayar da ƙuli-ƙulin da ta ci a kan babbar rigata ta salla, wadda na sa don in shiga cikin baƙi da mutunci. Bayan Keffi motar ta ɗau zafi tana huci. Direba ya waiga, idonsa ya faɗa kan butata, ya ce, "Malam, a taimaki addini." Ya yi ta jido da ita daga rafi zuwa bakin injin. Da ya dawo mini da ita ta zama ta baƙin mai, har muka je muka dawo duk alwalar da na yi sai na riƙa warin gareji. Rosa ta yi dariya har da tari, ita ce kuwa dariyarta ta farko tun da ta dawo Abuja.

A Lafiya muka kwana a zangon fatake, kan tabarmar da kuɗin cizo suka riga mu kamawa. Washegari muka isa Makurɗi. Gadar can abin kallo ce, jirgin ƙasa da mota hanya ɗaya suke bi, in jirgi zai wuce sai motoci su yi layi su ba shi girmansa. Talatu ba ta taɓa ganin jirgi ba, da ya yi kuka sai ta shige cikin rigata tana leƙe ta hammata. Muna jira na je wurin wata mata Batibiya, 'yar ƙabilar yankin, mai sakwara. Mu a nan malmala ake yi daidai cikin mutum, su kuwa guda ɗaya ta kai kan jariri, kuma mutum ɗaya ke tashi da ita. Na ga nama a miya, na ce Rosa ta tambayar mini wa ya yanka.

Ta ce, "Maigida, ka tambaya yau ka more. Daga nan gaba ba za ka sake tambayar wa ya yanka ba, don babu abin yankawa."

Na ɗauka tsokana ce irin tata. Na ci gasasshiyar doya da manja na sha ruwa.

A Otukpo muka sauka gidan sarkin Hausawan garin, inda 'yan shanu suka taru a kaina kowa da shawararsa. Wannan ya ce in koma, wancan ya ce in aika da yarinyar ta hannun Rosa in jira a nan. Wani dattijo Bakano ya dube ni ya ce, "Je ka, gani ya kori ji. Amma ka ci ka ƙoshi kafin ka tafi."

Gaba kaɗan da nan muka iske iyakar inda aka yi yaƙin. Ba ƙofa ba ganuwa, ganguna ne na mai aka jera da katako mai ƙusoshi, sai soja. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani dogo mai jajayen idanu ya dubi Talatu, ya dube ni, ya ce, "Kai Malam, 'yar wa ka sato?"

Kafin in buɗe baki ta riƙe ƙugu ta ce, "Babana ne, kai ne dai ɓarawo!"

Sojojin suka bushe da dariya. Dogon ya shiga lalube ni, ya zaro ɗan ƙullin, ya sa wuƙar bindiga ya farke tsumman. Wani ɗan abu ne baƙi a ciki, busasshe, kamar guntun busasshiyar kuɓewa. Ya shinshina, ya yatsine fuska, ya ɗaga hannu zai wurga shi daji. Sai na ji ihu. Rosa ce, wadda tun da muka ga kakin soja take sunkuyar da kai, ta yi tsalle ta kama hannunsa da hannu biyu tana roƙo da Hausa da Turanci da Ibo a haɗe. Na ce shi ke nan, yau za a harbe mu a kan laya. Allah ya sa mutumin mamaki ya kama shi ba fushi ba. Ya saki abin a tafinta ya ce mu ɓace masa da gani.

Sai da mota ta tashi Rosa ta gaya mini. Cibiyar Talatu ce, guntun da ya faɗi bayan haihuwa. Mu a nan ungozoma ke binne mabiyiya a bayan ɗaki, a zuba ruwa, shi ke nan, ba mai komawa ta kanta. Su kuwa guntun cibiyar nan sai an kai shi ƙasar uban yaro, a binne a gindin kwakwar manja, bishiyar ta zama ta yaron har ya mutu. Shi ke cin 'ya'yanta, kuma ko ina ya shiga duniya, in aka yi gardamar asalinsa sai a je a nuna bishiyarsa. Agines ta adana shi ne tana jiran ranar zuwa gida, ranar kuwa da ta zo ta ga bai kamata ta raba yarinya da cibiyarta ba. Na karɓa na sake ƙulle shi da zare, na tuna sau nawa na ce wa Hajara ta jefar da tarkacen nan.

Daga shingen nan hira ta mutu a motar. Hanya duk ramuka, gadoji an karya an shimfiɗa katako, gine-gine babu rufi, bangonsu duk huda. Amma mutane ne suka tsinka mini zuciya. Duk inda muka tsaya sai yara su fito, gashinsu ja, ƙafafu kamar sillen kara, ciki a kumbure. Ba sa roƙo da baki, tsayawa kawai suke yi. A wata mararraba na ga mace babba, sa'ar Hajara, ta manna bakinta a jikin buhun gishirin da muke zaune a kai tana lasa. Na kau da kai, sai na ga wata tana yi a ɗaya gefen. Wallahi na ji labarin yunwa a rediyo, na kuma ce Allah ya kyauta kamar kowa, amma ban san haka take ba.

A wata mahaɗa muka sauka muka kama hanya a ƙasa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don sojan suna can har yanzu, mutanen kuma ba su da inda za su. Ni da na saba in na yi sallama a amsa mini har da tambayar iyali, a can duk wanda na gaisar sai ya dubi hulata da rigata, ya ratse cikin ciyawa ya ba ni hanya. Rosa ta ce in cire hular. Na ce ni ba yaro ba ne da zan yi yawo da kai a waje. Da wata tsohuwa ta yar da itacen da ta ɗauko ta ruga saboda hango ni da ta yi, ba wanda ya sake ce mini komai, da kaina na cire na sa a aljihu.

Muka hau wani tudu, Rosa ta tsaya ta nuna da haɓa ta ce, "Ga garin su Okafo."

Na ce, "Ina?"

Ta ce, "Ga shi nan gabanka."

Jama'a, shekara da shekaru Okafo yana zama a shagona yana cika mini baki da garin nan. Cocinsu mai ƙararrawa, kasuwarsu da ke ci duk bayan kwana huɗu, gidan ubansa mai rufin kwano wanda shi ya aika da kuɗin kwanon daga nan Abuja. Har nakan ce masa, "Kai dai ka sa mu a mota mu je mu ga wannan Makka taka." Abin da na gani fili ne na jar ƙasa, an baje shi sumul kamar masussuka, an kewaye da waya mai ƙaya. A tsakiya tantuna da dogayen ɗakunan kwano da motocin soja. Ko kango babu. Kango ai alama ce an taɓa zama. Sai kututturan kwakwa birjik, an sare su daidai gwiwa. Rosa ta ce tsakiyar yaƙi soja suka shigo, suka ce tudun yana kallon babbar hanya, suna so. Suka ba mutane daga safe zuwa azahar su kwashe su bar garin. Suka cinna wa gidajen wuta, suka kawo katafila ta ture abin da ya rage, suka sare bishiyoyi don kada wani ya laɓe. Yaƙi ya ƙare, su ba su tashi ba. Na tsaya ina ta innalillahi, Talatu na jan hannuna tana tambaya yaushe za mu isa.

Mutanen garin suna ƙetaren wani rafi, a ƙasar wasu, cikin bukkokin ganyen kwakwa da ko akuya ba zan ɗaure a ciki ba. Daga ƙofar bukkokinsu suna hango filin. Nan abin da ya fi komai girgiza ni ya faru. Talatu ta ga yara sa'o'inta a gindin wata bishiya, ta kwance ƙullinta ta ruga wurinsu da murna tana cewa, "Ku zo, ku zo ku ci ƙuli!" Yaran nan, da ƙyar suke ɗaga ƙafa, suka watse da kururuwa. Wani ya faɗi ya rarrafa ya shige ƙarƙashin tulin itace. Uwaye suka fito a guje kowa na cafke nata. Yarinya ta tsaya da ƙuli a hannu, ta waigo ta ce, "Baba, me na yi?"

Rosa ta ce a hankali, "Harshen da suka ji ke nan ranar da aka ƙone garin."

Harshen da uwata ta yi mini tatsuniya da shi, wanda nake gaisuwa da shi, nake ciniki, nake roƙon Allah. Ban taɓa zaton akwai inda yaro zai ji "ku zo ku ci" da Hausa ya nemi maɓoya ba. Na nemi wani dutse na zauna.

Rosa ta yi ta bayani da ƙarfi har aka natsu. Aka fito da tsohuwar Okafo, 'yar ƙarama, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ta zagaya Talatu, ta juya kunnenta, ta ɗaga leɓenta. Da ta ga wushiryar nan irin ta ɗanta sai ta zube ƙasa ta rungume ƙafafun yarinyar tana kuka tana kiran Ngozi. A nan muka ji Agines ma ta rasu, yunwa ce ta kashe ta a wannan gefen rafin, ita da jaririn da ta haifa bayan sun dawo. Duk gidan saura tsohuwar, sai Talatu.

Wani dattijo ya zo yana ba da haƙuri, wai baƙo ya zo ba su da goron tarbarsa, bishiyoyinsu na goro sun tafi da garin. Na zaro nawa daga jaka. Mu goro a aljihu yake, ka ɓantara ka miƙa wa na kusa kana tafiya. Su sai da ƙwaya ɗaya ta zaga hannun kowane namiji, ta dawo wurin dattijon, ya ɗaga ta ya yi doguwar addu'a. Rosa ta ce nasu goron mai ɓari da yawa ne, irin namu mai ɓari biyu ba sa addu'a da shi, amma ya ce a yau Allah zai yi haƙuri. Aka kawo ɗan tuwon rogo mai tsami da miyar ganye ba gishiri. Na san abincin wani aka hana shi, don haka na ci. Talatu ta kai loma ɗaya ta ture kwanon, yaran da suka gudu ɗazu suna leƙe daga nesa, idonsu a kan abin da ta bari.

Na buɗe kayan yarinyar zan fara miƙa amana, riguna da 'yan kunne da takalmi. Tsohuwar ba ta ko kalle su ba. Ta yi wa Rosa tambaya ɗaya. Na gane, na zaro ƙullin na sa mata a hannu. Ta kwance, ta duba, ta manna shi a ƙirji. Ta ce kowane ɗa na gidan mijinta yana da bishiya a bayan gida, wannan ma sai an kai ta can. Rosa ta ce mini ba mai iya matsawa kusa da wayar. Kwanan baya wani ya lallaɓa tonon rogon da ya shuka da hannunsa, aka kama shi aka zane shi, har yau a kife yake kwana. Sai na lura kowa ni yake kallo, ni da ke jin harshen sojan. Na sa hannu a aljihu na zaro hulata na mayar.

Da safe muka ƙetare rafin mu uku, don Rosa ta ce ko da kuɗi ba za ta je ba. Tsohuwa na gaba da ɗan dashen kwakwa a cikin gwangwani, Talatu a tsakiya, ni a baya da butata. A bakin ƙofar waya na yi sallama. Aka amsa mini cikakkiya, irin wadda rabona da ji tun Otukpo. Wani kofur ya fito, saurayi mai fara'a, ya tambayi daga ina. Na ce Abuja.

Ya ce, "Abuja? Allahu akbar! Baba, ai ni ɗan Garam ne! Ba kai ne tela na kusa da 'yan tukwane ba? Kai ka ɗinka wa babana rigar da ya sa ran bikin yayata!"

Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya tambayi damina, ya tambayi ko doya ta yi, ya sa aka kawo mini shayi da madara. Na ga ɗan mutane ne, mai ladabi, irin wanda za ka ba 'yarka. Yana zuba mini shayin ya nuna filin da hannu ya ce, "Baba, da ka ga wurin nan da, duk kurmi ne da gidajen Inyamurai. Mu muka gyara shi. Mun sha aiki." Ya faɗa ne yadda manomi ke nuna gonar da ya share. Tsohuwar tana tsaye a rana da gwangwaninta, ba ta jin abin da yake cewa. Na ajiye shayin ban ƙarasa ba.

Na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya sosa ƙeya, ya shiga wurin babbansu, ya dawo ya ce an yarda amma mu yi sauri, shi zai raka mu.

Ni ban ga komai a filin ba sai jar ƙasa, amma tsohuwar nan tafiya take kamar tana bin lungu. Ta karkata nan, ta kewaye can, a wani wuri har ta ɗan sunkuyar da kai kamar mai shiga ƙofa. Ta tsaya inda wani dutsen niƙa ya leƙo rabi daga ƙasa, ta dafa shi. Daga nan ta wuce wurin wasu kututture a jere, tana taɓa kowanne tana kiran suna. Ban san ko ɗaya ba sai da ta zo kan na ƙarshe ta ce, "Okafo." A gefensa ta durƙusa. Kofur ya miƙo mata shebur, ta yi kamar ba ta gani ba, ta tona da wani guntun kasko da yatsunta. Ta kamo hannun Talatu ta sa mata cibiyar a tafi, ta nuna ramin. Yarinya ta dube ni, na ce, "Sa, taki ce." Ta sa. Aka dasa kwakwar a kai, na tuttule ruwan butata mai warin mai a gindinta.

Kofur ɗin tun da tsohuwa ta fara kiran sunaye ya daina surutu. Da muka miƙe sai ya je ya kinkimo duwatsu ya kewaye dashen don kada mota ta taka. Ya tsuguna ya ce wa Talatu, "Ƙanwata, zan riƙa duba miki ita." Ban san ko in gode masa ba. Na ce Allah ya sa, muka fito.

Da muka koma bukkoki na ɗaure zuciyata, na ce Rosa ta gaya wa tsohuwa ga amanarsu na kawo, gobe zan juya. Talatu ta ji, ta ƙanƙame ƙafata. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta kira wata yarinya daga cikin yaran, ta kamo damtsenta ta jera da na Talatu, ta yi magana mai tsawo. Rosa tana fassarawa.

"Ta ce ka dubi hannun nan ka dubi wannan, wata ɗaya aka haife su. Ta ce Ngozi kaɗai ta rage mata a duniya, kuma ba za ta binne ta kamar yadda ta binne uwarta ba. Ta ce ka koma da ita wurin matar da ta yi mata wannan kitson. Abu biyu take roƙo: kada a ɓoye mata sunanta Ngozi, kuma ranar da kwakwar ta yi 'ya'ya ka kawo ta. In ka tarar ba ta da rai ba komai, yanzu yarinyar tana da inda za a nuna."

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi ne ya fara kama ni, har na ji kamar in yi tsalle. Sai kunya ta biyo baya, don na san yunwar baiwar Allahn nan ce ta ba ni abin da nake so. Na juye musu duk guzurin da ya rage, da goron, da babbar rigar ma. Tsohuwa ta raka mu har bakin rafi. Ta riƙe fuskar jikarta da hannu biyu tana ta yi mata magana, ita kuwa ba ta jin ko kalma ɗaya, sai kai take gyaɗawa.

Dawowa ba ni da abin faɗa, hanyar ce dai, har ramukan. Mun shigo gari da hantsi. Da na iso ƙofar gida na tsaya a zaure na rangaɗa sallamar da sai da maƙwabta suka leƙo. Na ji faɗuwar kwano a tsakar gida. Hajara ta fito a guje, ba mayafi ba takalmi, ta wuce ni kamar ba ta san ni ba.

Ku da kuke tambayata yaya ƙasar take, ga abin da na ji shekaranjiya. Ina ɗinki, Talatu na bakin shago da yaran unguwa, suna ce mata ƙarya take ba ta da wani gari sai nan. Ta ce tana da shi mana, har Baba ya kai ta. Suka ce to yaya yake?

Ta ce, "Babba ne, ya fi kasuwa faɗi. Babu gida ko ɗaya. Amma ina da bishiya a ciki, soja yana yi mini gadinta."